Hawadak, Maƙerin Zalkam

Hawadak bai san shekarar da aka haife shi ba. Uwarsa ta ce masa dai a shekarar fara ce, kuma a kan dutsen Zalkam shekarun fara sun fi a ƙirga. Abin da kowa ya sani shi ne ɗan maƙera ne gaba da baya, kuma a wajenmu 'yan ƙabilar Mafa wanda aka haifa a gidan maƙera an riga an yanke masa aiki tun yana ciki. Zai ƙera fartanya da lauje, matarsa ta gina tukwane ta kuma karɓi haihuwa, in an yi mutuwa shi za a kira. Shi zai naɗe gawa a fatar akuya, ya goya ta a bayansa har bakin rami, ya zaunar da ita, ya jera duwatsu a kai. Sai a ba shi cinyar akuya da giya a ƙwaryarsa ta daban, a yi masa godiya daga nesa. Ba a cin tuwo kwano ɗaya da shi, ba a auren 'yarsa.

Gajere ne mai faɗin kafaɗa, da ɗan yatsa guda na hagu wanda guduma ta lanƙwasa tun yana saurayi. Magana ba ta dame shi ba. Matarsa Dumagai ita ke yin ta mutum biyu, har ana cewa in ka je gidan Hawadak neman fartanya, da Dumagai za ka yi ciniki, shi kuwa sai dai ya ɗaga kai ko ya girgiza.

Yana da kamar shekara talatin aka aiko wani mai bishara Zalkam daga Mokolo, sunansa Zogwai. Siriri ne, mai tari, da keke wanda rabin hanya shi ke ɗaukar keken. Ranar da ya fara zuwa maƙera, ƙarfen fedar kekensa ne ya karye. Ya zauna kan dutse yana jira, rana ta yi zafi, ya nemi ruwa. Dumagai ta shiga neman ƙwaryar baƙi, sai ta juyo ta ga ya ɗauki wadda ke kusa da zugazugi.

"Malam, ta maƙeri ce fa," in ji ta.

"Tana yoyo ne?"

"A'a."

"To zubo mini."

Ya shanye ya nemi ƙari. Hawadak ya ci gaba da bugun ƙarfe kamar bai gani ba, amma da ya gama aikin sai ya tambayi baƙon abin da ya kawo shi kan dutsen nan da ko akuya sai ta yi haki take hawa. Zogwai ya ba shi labarin Yesu, yadda aka kashe shi, aka sa shi a rami aka rufe da dutse, a rana ta uku ya tashi. Wannan labari an sha ba mutane a Zalkam, amma ba wanda ya taɓa yi wa Zogwai irin tambayoyin da Hawadak ya yi masa. Wa ya naɗe shi? Da me? Dutsen na mutum nawa ne?

"An tabbatar ya mutu kuwa? Ni na taɓa goya wani tsoho, muna rabin hanya ya yi mini atishawa a ƙeya."

"Sun soke shi da mashi a haƙarƙari, ɗan'uwa, bayan ya riga ya cika."

Hawadak ya ce, "To wannan kam ya mutu." Ya ƙara gawayi a wuta. "Malam, na binne mutum ya fi ɗari biyu. Ko ɗaya bai dawo ya ce mini sannu da aiki ba."

"Wannan ya dawo," in ji Zogwai.

Ranar Lahadi Hawadak ya je majami'a, ya zauna kan wani dutse a bakin ƙofa. Shekara biyu yana zama a wurin kafin ya nemi baftisma. Ba a ce komai ya tafi daidai ba. Ranar da zai fara cin jibin Ubangiji, wasu dattawa suka zo da ƙoƙo na daban dominsa. Zogwai ya ce ko ƙoƙo ɗaya ko a fasa, aka yi ta ja-in-ja har gida uku suka daina zuwa. Da labari ya kai wa Dumagai ta yi dariya har da riƙe ciki.

"An ce a sama duk ɗaya kuke. To a ƙasa fa, maigida? Ka tambayo mini Malam."

Ita sai bayan shekara huɗu ta bi shi, kuma ba ta ɓoye ba, ta ce waƙa ce ta ja ta. Ta gina wani tulu mai baki biyu wanda ake bugawa da tafin hannu, ta zama mai kiɗan zumuntar mata. Hawadak ya bar duba da ƙaguwa da ya gada wurin ubansa, wanda shi ke kawo kaji gidan, amma binne mutane bai bari ba. Na majami'a da masu bin addinin gargajiya na tukwanen kakanni, duk wanda aka kira shi yakan je.

Haihuwa shida Dumagai ta yi, biyu suka tsaya: Tagai, wadda ta auri wani maƙeri a Mokolo, da ƙaninta Samiyel. Samiyel ya ƙi zaman maƙera. Ya yi ƙwadago a gonakin albasa har ya sayi babur, yana kai mutane kasuwar Koza. In uban ya yi masa ƙorafi sai ya ce, "Baba, ai nawa ma ƙarfe ne, sai dai shi yana tafiya."

'Yan bindiga sun shigo Zalkam wata Alhamis da hantsi, da kaka, an yanke dawa an tara a kan falalen duwatsu ba a kai ga sussuka ba. Ta tsallaken iyaka suka ɓullo, wasu a kan babura, wasu a ƙasa. Hawadak yana maƙera ya ji harbi daga gindin dutse, wajen majami'a. Kowa ya san abin yi, domin an riga an yi wa ƙauyuka uku haka kafin mu. Aka ɗebi yara da tsofaffi aka yi sama, cikin kogunan da kakanni suka ɓuya zamanin masu kama bayi. Daga can aka riƙa ganin hayaƙi: majami'a, rumbuna, tarin dawa. Aka ƙirga kawuna, ba mutum tara. A cikinsu har da Zogwai, wanda tsufa ya hana shi hawa, da Samiyel, wanda aka gani da safen yana jiran fasinja a gindin tsamiyar majami'a.

Kwana biyu ba wanda ya sauka. A rana ta uku Hawadak ya miƙe ya kaɗe wandonsa. Ya yi ɗan nisa ya ji taku a bayansa.

"Ina za ki?"

"Wa zai ba ka ruwa?" in ji Dumagai.

Ba fatar akuya, domin an kore awakin duka. Dumagai ta bi gidajen da wuta ba ta cinye ba tana tattaro zannuwa da tabarmi. Ƙasa ta riga ta bushe, diga tana tsalle. Ya haƙa huɗu a ranar farko, biyar a ta biyu, shi kaɗai, yana goyo yana zaunarwa yana jera duwatsu. Zogwai a bakin ƙofar majami'a ya same shi. Samiyel yana bayan tsamiya, an ɗauke babur ɗin da takalmansa. Shi ya bari na ƙarshe. Dumagai ta wanke masa fuska da sauran ruwan da ke cikin tulu, ta kwance zanen da ta yafa ta ba da. Da suka gama rana ta yi yamma, suka koma sama.

Mutanen Zalkam suka watse. Wasu Mokolo, wasu har Garwa. Hawadak da Dumagai suka bi mafi yawa zuwa Koza, inda aka ba su wani fili a bayan gari suka kafa bukkokin kara da leda. Tagai ta zo ta yi kuka ta roƙe su su koma wurinta, uban ya ce ɗaki ɗaya da yara biyar ba ya ɗaukar tsofaffi biyu. Dumagai ta samo inda ake ɗiban yumɓu, cikin mako uku ta fara kai tukwane kasuwa. Da wannan suka ci tuwo.

Shi kuwa Hawadak ya zauna. Ya taho da gudumarsa da awartaki, amma suna rataye a bukka har tsatsa ta kama su. Da safe ya fito ya jingina da itacen dogon yaro, inuwa ta matsa ya matsa. Ranar Lahadi mutanen Zalkam kan taru ƙarƙashin wata rumfa su yi sujada, yana jin tulun Dumagai daga inda yake, bai je ba. Wata bakwai ana haka.

"Fushi kake da Allah?" ta tambaye shi wata rana tana murza yumɓu.

"Ba fushi nake ba."

"To mene ne? Ko kurma ya fi ka magana."

"Ba ni da abin faɗa masa ne."

"To ka je ka zauna a bakin ƙofa kamar da. Ai ba da magana ka fara ba."

Bai je ba.

Wadda ta tayar da shi Danagai ce, matar marigayi Zogwai. Bayan harin 'ya'yanta sun ɗauke ta zuwa Garwa, sai farkon damina ta samu ta zo Koza. Tsohuwa ce mai dogara sanda, idonta ɗaya ya yi fari. Ta zo ta zauna a ƙasa kusa da shi ƙarƙashin dogon yaron, ba ta yarda a kawo mata tabarma ba.

"Baban Samiyel, an ce kai ka sa Malam a rami."

"Ni ne, Mama."

"A ina?"

Ya gaya mata: gabas da tsamiya, taku goma sha biyu, kusa da dutsen nan mai kama da turmi. Ta tambayi da me ya naɗe shi, ya ce da zane shuɗi na gidan wane. Ta tambayi fuskarsa, ya ce ba abin da ya taɓa ta. Ta yi ta gyaɗa kai kamar mai karɓar saƙo.

"Wace addu'a ka yi masa?"

"Ban yi ba."

"Ko kalma?"

"Mama, mutum takwas ban buɗe baki ba. Ƙasa ta yi tauri, ina sauraron ko za su dawo."

"Na taran fa?"

Hawadak ya kalli ɗan yatsansa lanƙwasasshe. Ko Dumagai bai taɓa gaya wa ba, domin lokacin ta juya baya.

"Da na zaunar da shi, na ce: Yesu, kai ma an taɓa sa ka a rami, ka san wurin. Ga nawa nan. Shi ke nan abin da na ce."

"To me kake so addu'a ta zama in ba wannan ba?" in ji tsohuwar. "Shekara arba'in ina jin ta Malam, mai tsawo kamar hanyar Garwa, ban ji wadda ta fi wannan ba. Ka ba da ajiya, kuma ka san wanda ka ba. Yanzu zaman me kake yi a nan, gadi?"

Ta dafa kafaɗarsa ta miƙe. Kafin ta tafi ta ce masa akwai gida bakwai da ba su san inda nasu suke ba, kuma suna jin nauyin tambayarsa saboda yadda ya ɗaure fuska.

Ya bi gidajen nan ɗaya bayan ɗaya cikin mako biyu. Wanda ke Mokolo ya hau mota ya same shi. A kowane gida ya faɗi wurin da takun da zanen, aka yi kuka, aka ba shi ruwa. Daga baya ya gaya wa Tagai cewa a hanyar dawowa daga gida na ƙarshe ne ya zauna ya yi wa kansa hisabi. Ya ce shi ba mai ilimi ba ne, amma a aikin rami ba fasto ba likita da zai koya masa komai. Ya san abin da ƙasa take yi wa mutum a wata uku da abin da take yi masa a shekara uku. In labarin da Zogwai ya kawo ƙarya ne, to Samiyel ƙasa ce kawai, shi ma Hawadak jakin gawa ne tun farko har ƙarshe. In kuwa gaskiya ne, to rami ɗaya ya taɓa buɗewa daga ciki, kuma wanda ya buɗe shi bai manta hanya ba. Ya ce ya auna biyun, ya ga kan na biyun ya tsaya shekara talatin, harin bai kawo wani sabon abu da bai sani ba game da mutuwa, nasa ne dai ya shiga ciki.

Lahadin da ta biyo ya je rumfa. Litinin ya samo dutse mai faɗi, ya ɗinka zugazugi da tsohuwar tayar mota, ya je wurin makanikai suka bar masa karyayyen sifirin na mota ya riƙa ƙira da ƙarfensa. Lokacin mutanenmu sun fara karɓar aron gonaki a kwarin Koza kuma ba mai fartanya. Ya yi ta ƙerawa har daminar ta wuce, wanda ke da shi ya biya, wanda ba shi da shi ya kawo wake da kaka.

A damina ta uku amai da gudawa ya shigo bayan gari. Ya ɗauki yara da yawa, ya ɗauki Dumagai cikin kwana biyu. Da safe ta ce masa ya kwashe tukwanen da ta shanya kada ruwa ya buge su, washegari da azahar ta cika a tantin masu jinya. Ma'aikatan lafiya suka fesa mata magani suka sa ta cikin leda. Hawadak ya ɗauko diga, sai ya tarar da maza shida na ikilisiya a bakin bukka, babba a cikinsu Gibai, ɗan ɗaya daga cikin dattawan nan da suka taɓa kawo ƙoƙo na daban.

"Baba, ajiye digar."

"Ku ba ku iya ba."

"To ka tsaya ka nuna mana. Amma yau ba za ka haƙa ba."

Ya tsaya yana nuna musu da sanda, yana faɗa: nan ya yi faɗi, can bai kai ba, kai Gibai haƙa kake ko susa? Suka ɗauke ta a kafaɗa su shida. Tsofaffin Zalkam sun ce tun da suke ba su taɓa ganin waɗanda ba maƙera ba sun ɗauki gawar gidan maƙera. Wannan karon Hawadak bai koma gindin dogon yaro ba. Ya yi kuka sosai, a fili, kwana uku, a rana ta huɗu ya hura wuta.

Abin da ya raba kan mutane a kansa ya faru bara. Sojoji sun fara sakin waɗanda suka ajiye makami suka fito daga daji, a cikinsu akwai wani Kaldafa, ɗan ƙauyen da ke maƙwabtaka da Zalkam, wanda aka ce 'yan bindigar ne suka kama shi a gona, wasu kuma suka ce da ƙafarsa ya tafi. Ya dawo wurin uwarsa Gaidi a bayan garin Koza, ƙashi da fata, yana tarin jini. Ba mai gaishe shi. Bayan wata biyar ya mutu. Gaidi ta bi gida gida, kowa ya ce yana da aiki. Da hantsi ta iso maƙera ta durƙusa a gaban Hawadak.

Hawadak ya kashe wuta ya ɗauki diga. Gibai ya tare shi a hanya.

"Baba, ka san ko wane ne?"

"Ɗan Gaidi ne."

"An ce yana cikin waɗanda suka zo Zalkam. Wata ƙila shi ya harbe Samiyel."

"Wata ƙila."

"Shi ke nan abin da za ka ce?"

"Gibai, in shi ne, yana gaban wanda ya san gaskiyar abin, ba sai na taya shi shari'a ba. Ni dai ga gawa a ɗaki, ga rana tana zafi, ga tsohuwa. Za ka riƙe mini shebur ko za ka ba ni hanya?"

Gibai ya ba shi hanya. Shi kaɗai ya haƙa, yana hutawa sau da yawa, domin ƙarfin ba kamar da ba. Gaidi tana kwashe ƙasa da kwano. Ya goya Kaldafa, wanda ya ce bai fi nauyin damin kara ba, ya zaunar da shi ya rufe. Gaidi ta roƙe shi ya yi addu'a, ya yi 'yar gajeruwa. Aka yi wata guda wasu ba sa kawo masa aiki, mace ɗaya da aka kashe mijinta a harin har yau in ta gan shi sai ta kau da kai. Bai ga laifinta ba, kuma bai je ba ta haƙuri ba.

Yanzu ya haura saba'in, idonsa ya fara hazo, sai ya kai ƙarfe kusa da fuska yake ganin ko ya nuna. Tagai kan aiko masa da garin dawa da busasshen kifi daga Mokolo. Daminar bana wasu daga cikinmu sun fara hawa Zalkam da safe su yi noma su sauko kafin la'asar, shi ma yana binsu ranar Talata da Juma'a. Ruwan shekara takwas ya rushe jeren duwatsun da ke tare ƙasar gonarsa, ya gyara hawa uku, saura goma sha ɗaya. Ya shuka dawa a ukun, da wake a tsakani, kuma ya ce in birai sun bar masa rabi zai yi sussuka a can.